Na samu injin tuƙin kwale-kwale na ɗaki: ta ina zan fara, kuma rubuta atisaye a intanet yana da wani amfani?

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanina da ke aiki a Ingila ya aiko mini da injin tuƙin kwale-kwale na motsa jiki, ƙirar Concept2, wanda ya saya na hannu, domin ya san likita ya ce in rage ƙiba kuma gwiwata ba ta jure gudu a kan kwalta. Shekaruna 46. Na hau shi sau uku ke nan, kuma kowane hawa sai in ɗaga sandar da ke gefen fankar injin zuwa lamba 10, saboda a tunanina iyakar nauyin ke nan kuma a nan amfanin yake. Ba na kai minti shida sai ƙugu ya riƙe, hannaye su yi tsami, numfashi ya ƙare, in sauka. Ƙanin nawa kuma ya dame ni da maganar in buɗe rajista a shafin kamfanin in riƙa rubuta duk abin da na yi. Ina neman shawarar waɗanda suka san abin: me nake yi ba daidai ba, kuma wannan rubutun dole ne ko kuwa ƙarin wahala ce kawai?

Malam Habu na Manchester: Wa alaikumus salam, Baban Amira. Kafin komai, sauke wannan sanda zuwa tsakanin 3 da 5, ka bar ta a can. Kuskuren da ka yi shi ne wanda kusan kowa yake farawa da shi, ni ma na yi shi. Sandar ba ma'aunin nauyi ba ce irin ta ƙarfen da ake ɗagawa. Aikinta buɗewa da rufe ƙofar da iska take shiga gidan fankar. Idan ka kai ta 10, iska mai yawa tana shiga, fankar tana saurin tsayawa tsakanin ja da ja, don haka kowane ja sai ka tayar da ita kamar daga farko, tamkar mai tuƙa babban kwale-kwalen da aka shaƙe da buhunan hatsi. Idan ka sauke ta, fankar tana ci gaba da juyawa, sai ya zama kamar siririn jirgin tsere. Nauyin da kake ji a hannu yana zuwa ne daga ƙarfin da kai kanka ka zuba: ka tura da ƙarfi, injin ya mayar maka da ƙarfi, ka tura a hankali, ya bi ka a hankali. Masu tuƙin da ke zuwa gasar duniya a wajen tsakiya suke ajiye tasu.

Alhaji Ɗanlami: Malam Habu, ina girmama iliminka, amma ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. A wurin motsa jikin da nake zuwa, mai horarwa a 10 yake sa wa maza, a 4 kuma ya sa wa mata da tsofaffi, kuma ni shekara guda ke nan ina ja a 10 ban ga abin da ya same ni ba. Idan ƙaramar lamba ta fi, don me aka yi babbar?

Malam Habu na Manchester: Ranka ya daɗe, an yi babbar ne don tana da wurinta, misali ga mai gajeren ja na 'yan daƙiƙu don ƙarfi. Amma ga gwaji mai sauƙi wanda zai raba mu ba tare da jayayya ba. Ka tuƙa mita 2,000 a lamba 10, ka rubuta lokacin da allon injin ya ba ka. Bayan kwana biyu ka tuƙa mita 2,000 ɗin a lamba 4, ka kwatanta. Allon yana auna yadda fankar take rage gudu a kowane ja, yana saka wannan cikin lissafinsa, saboda haka ba ya ƙara wa kowa maki don ya ɗaga sanda. Mai horarwar naka dai ya raba lambobin ne bisa ga al'ada.

Likitar Ƙashi: Ina so in yi magana a kan ƙugun da ya riƙe, domin aikina ke nan, gyaran gaɓɓai da motsin jiki. Baban Amira, yadda ka ce hannaye sun yi tsami ya nuna mini da hannu kake ja. Wannan injin na ƙafa ne. Mafi yawan ƙarfin daga cinyoyi yake fitowa, gangar jiki ta ƙara nata, hannaye kuma su ne na ƙarshe kuma mafi ƙarancin aiki. Tsarin shi ne ƙafa, sannan baya, sannan hannu. A dawowa sai a juya shi: hannu, baya, ƙafa.

Ga yadda za ka yi. Ka ɗaure igiyar takalmi ta ratsa faffaɗan wurin ƙafarka, kusa da tushen yatsu. Ka matso gaba har ƙwaurinka ya miƙe tsaye, kada ka wuce nan, hannaye a miƙe, baya a tsaye ba a lanƙwashe kamar baka ba, kana ɗan karkata gaba daga ƙugu. Ka tura da ƙafa kamar mai son ture bango, hannaye suna nan a miƙe kamar igiyar guga, ba su lanƙwasa ba tukuna. Idan ƙafafu sun kusa miƙewa sai ka ɗan jingina baya kaɗan, sannan ka jawo sandar riƙo zuwa ƙasan haƙarƙari, ba wuya ba kuma ba cibiya ba. Wajen komawa ne mutane suka fi ɓatawa: dole hannaye su wuce gwiwa kafin gwiwa ta fara lanƙwasa. Idan ka ga kana ɗaga sandar riƙo sama don ta tsallake gwiwa, to ka yi gaggawar lanƙwasa ƙafa. Komawar kuma ta ɗauki kamar ninki biyu na lokacin turawar, a nan ake hutawa a shaƙi iska.

Abu ɗaya kuma na dole: tunda likita ne ya ce ka rage ƙiba, idan akwai hawan jini ko ciwon suga ko wata matsalar zuciya, ka gaya masa irin atisayen da za ka fara. Ciwon tsoka na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, amma ciwon da ke sauka daga ƙugu zuwa ƙafa, ko nauyi a ƙirji, wannan a sauka a je asibiti.

Baban Amira: Na gode ƙwarai, Likita. Tabbas ina ɗaga sandar riƙo in tsallake gwiwa, ashe laifi ne. Sai maganar lambobin allon, domin ni ba na duba komai sai adadin kalori.

Malam Habu na Manchester: Ka bar kalorin nan tukuna, domin lissafinsa an gina shi ne a kan mutum mai nauyin kusan kilo 80, ba ya san nauyinka. Lambobi biyu suka ishe ka. Ta farko ita ce babbar da ke tsakiya, wadda take nuna minti nawa za ka ɗauka kafin ka ci mita 500 idan ka ci gaba da irin jan da kake yi. Idan ta nuna 2:45, wato minti biyu da daƙiƙa arba'in da biyar. Duk lokacin da ta ragu, gudunka ya ƙaru. Ta biyu ita ce adadin ja a minti ɗaya, kuma ga mai farawa, tsakanin 18 da 24 ya isa. Mutane da yawa suna zuwa 32 ko 34, suna kai da komo a kan kujera kamar mai saƙa, amma lambar tsakiya ba ta motsa ba, domin babu ƙarfi a cikin jan.

Akwai abin da ya kamata ka sani game da lambar tsakiyar don kada ranka ya ɓaci nan gaba. Ƙarfin da ake buƙata ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake yi. Mai tuƙi a 2:30 yana zuba wajen wat 104 (wat shi ne ma'aunin ƙarfi), mai tuƙi a 2:00 kuwa yana zuba wajen wat 203. Daƙiƙa talatin kacal, amma ƙarfin ya kusa ninki biyu. Saboda haka idan bayan wata biyu ka sauko daga 2:50 zuwa 2:40, kada ka raina shi.

A makon farko ka yi minti biyar, ka huta minti biyu, ka sake, sau uku ko huɗu, kwana uku a mako. Ma'aunin shi ne ka iya amsa sallama da jimla cikakkiya kana kan tuƙi. Idan ba ka iya ba, ka rage. Daga nan ka haɗe su zuwa minti ashirin a jere, sannan talatin.

Injiniya Sabo: Zan ƙara abin da ya shafe mu a nan gida wanda Malam Habu ba ya fama da shi a Manchester, wato ƙura. Lambar sandar gefe ba ta da tabbas daga inji zuwa inji, domin idan ƙura ta toshe ragar gidan fanka, iska ba ta shiga yadda ya kamata, sai lamba 5 ta koma kamar 3. Ainihin ma'aunin yana cikin allon: ka shiga inda aka rubuta More Options, sannan Display Drag Factor, ka yi ja kaɗan, lamba za ta fito. Ka motsa sandar har ta nuna tsakanin 110 da 130, ka riƙe wannan lambar a kanka. A lokacin hunturu nakan buɗe gidan fankar in share shi, kuma ina rufe injin da tsohon zanin gado idan na gama. Siraran iskar wuri mai tudu kamar Jos ma tana sauke lambar, don haka wanda ya kai injinsa can sai ya ɗan ɗaga sanda.

Ka riƙa goge dogon ƙarfen da kujera take gudu a kai bayan kowane hawa, in ba haka ba gumi da ƙura za su dunƙule a tayoyin kujerar ka riƙa jin gargada. Sarƙar kuma a shafa mata ɗan mai a tsumma bayan kowace awa 50 ta aiki. Abin da ya fi burge ni shi ne babu ruwansa da wutar lantarki: allon, wanda ake kira PM5, manyan batura biyu yake ɗauka, kuma idan kana tuƙi yana samun wuta daga juyawar fankar, ko an ɗauke wuta ba abin da ya dame ka. Tsawonsa ya kai mita biyu da rabi saura kaɗan, amma yana rabuwa gida biyu a jingine shi a lungu.

Hajiya Maman Sadik: Ni ma ina amfani da shi a gida, shekara biyu ke nan, kuma ina da gargaɗi ga mata da ma maza masu doguwar riga. Duk tufar da ta sauko ƙasa da kujera tana iya shiga ƙarƙashin tayoyin ta maƙale. Na yaga gefen doguwar riga ɗaya kafin in gane. Yanzu wando nake sawa da rigar da nake cusawa ciki, ɗankwali kuma a ɗaure shi gajere. Amma ba a amsa wa Baban Amira tambayarsa ta biyu ba, kuma ni ma ina so in ji, domin ban taɓa rubuta komai ba. Ba na son sunana da nauyina su fito a inda kowa zai gani.

Malam Isa: Hajiya ta taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ni ina ganin wannan rubuce-rubucen a intanet ƙofar nuna kai ce. Mutum ya motsa jiki don lafiyarsa, to me ya kai shi sanar da duniya cewa yau ya ci mita dubu biyar? Littafin rubutu na naira kaɗan da biro sun isa, idan har rubutun ya zama dole. Na ga yadda wasu suke cika mana waya da hotunan agogonsu kullum safe.

Malam Habu na Manchester: Malam Isa, littafi da biro sun isa, ban musa ba, kuma wanda ya riƙe su da gaske ya samu mafi yawan amfanin. Sai dai bari in bayyana yadda rajistar take, domin ba irin Facebook ba ce. Kyauta ce. Kana buɗe asusu, duk atisayen da ka yi ya shiga kundinka da kwanan wata, nisa, lokaci da adadin ja. Shigar da sakamako cikin jerin gasa na duniya zaɓi ne dabam, sai ka ga dama kake yi, kuma akwai wurin da kake iyakance abin da wasu za su gani a bayananka. Hajiya, nauyi ma a jerin gasar rukuni biyu ne kawai ga manya: marasa nauyi, wato maza da ba su wuce kilo 75 ba da mata da ba su wuce kilo 61.5 ba, sai kuma sauran kowa da kowa.

Hanyar shigarwa biyu ce. Ko ka rubuta da hannu bayan ka gama, kana kwafa daga abin da allon ya ajiye a ƙwaƙwalwarsa, ko ka sa manhajar ErgData a waya, ta haɗu da allon ta Bluetooth, ta aika da kanta. Ta biyun ta fi, domin tana ɗaukar har ma'aunin iskar da Injiniya ya yi magana a kai, kuma ba ta yi wa kowa kara.

Amfanin da na gani a kaina shi ne ƙwaƙwalwa tana yaudara. Akwai lokacin da na tabbata na yi wata uku ban ci gaba ba har na so in bari, da na duba kundin sai na ga a minti talatin ɗin da nake yi na ƙara mita ɗari uku da wani abu, a adadin ja iri ɗaya. Akwai kuma watan da nake ganin na yi ƙoƙari, kundin ya nuna sau biyar kawai na hau. Shekarar rajistar tana farawa ran 1 ga Mayu ta ƙare ran 30 ga Afrilu, kuma tana tara maka jimillar mitocinka. Wanda ya cika mita miliyan ɗaya yana shiga ƙungiyar masu miliyan. Kilomita 1,000 ke nan, kusan tafiyar Kano zuwa Legas a mota, kuma mai yin mita 5,000 sau huɗu a mako zai cika ta a mako hamsin.

Malam Isa: To idan mutum yana iya rubutawa da hannu, me zai hana shi rubuta ƙarya ya hau saman jeri?

Injiniya Sabo: Babu abin da zai hana shi rubutawa, amma jerin yana bambanta sakamakon da aka tabbatar da wanda ba a tabbatar ba. Allon yana iya fitar da wasu lambobin sirri na kowane atisaye waɗanda ake shigarwa a matsayin shaida, kuma mai dubawa yana iya tace jerin ya ga tabbatattu kawai. Ana kuma tace shi da shekaru, jinsi da ƙasa. Ni nawa ra'ayin, mai farawa kada ya leƙa jerin nan sai ya yi wata uku. A 2018 Josh Dunkley-Smith ɗan Ostareliya ya kafa bajintar duniya ta maza a mita 2,000 da 5:35.8, a 2021 kuma Brooke Mooney 'yar Amurka ta kafa ta mata da 6:21.1. Wanda ya fara jiya yana yin nisan a minti goma sha ɗaya, idan ya ga waɗannan sai gwiwarsa ta yi sanyi ba gaira ba dalili. Su ma ƙattin sun yi shekaru suna tara mitoci a hankali. Injin kansa ma don masu tuƙin ruwa aka fara ƙera shi: 'yan'uwa biyu, Dick da Peter Dreissigacker, masu ƙera filafilan tsere a jihar Vermont ta Amurka, suka fito da na farko a 1981 da tayar keke a matsayin fanka, don a samu abin yi lokacin da koguna suka daskare.

Ɗan Yamai: Ina biye da ku daga Nijar. Maganar sanyin gwiwa ta tuna mini da ɗan ƙasarmu Hamadou Djibo Issaka, wanda ya shiga tseren kwale-kwale na mutum ɗaya a gasar Olamfik ta Landan a 2012 bayan 'yan watanni kaɗan da fara koyo. Shi ne na ƙarshe, da tazara mai yawa, amma 'yan kallo sun tashi suna yi masa tafi har ya ƙarasa mita 2,000 ɗinsa. Nijeriya ma ta samu Chierika Ukogu a gasar Rio ta 2016. Tambayata ga Malam Habu ita ce: wanda ba shi da nasa injin, sai na wurin motsa jiki, kuma wani lokaci ba ƙirar Concept2 ba ne, irin mai tankin ruwa ne, zai iya rubutawa a wuri ɗaya?

Malam Habu na Manchester: Idan injin wurin Concept2 ne, ba sai naka ba ne: ka haɗa wayarka da allonsa, ka gama ka tafi da sakamakonka. Amma kada ka haɗa lambobin inji mai ruwa ko mai maganaɗisu da na wannan a kundi ɗaya, domin kowane kamfani da yadda yake lissafa mita, kuma jerin gasar na injinan Concept2 ne kawai. Don wancan sai ka koma ga littafin Malam Isa, ka rubuta minti nawa ka yi, ja nawa a minti, da yadda numfashinka ya kasance.

Malam Isa: To alhamdu lillahi, littafina ya samu aiki. Har yanzu dai ba zan buɗe asusu ba, amma na janye maganar nuna kai ga wanda ya rufe kundinsa.

Hajiya Maman Sadik: Ni na buɗe jiya da dare, na rufe bayanaina, ban saka komai a jerin gasa ba. Abin da ya ba ni haushi kawai shi ne shekara biyun da na yi ban rubuta ba, da yanzu na san inda nake a hanyar miliyan ɗin.

Baban Amira: Na dawo da rahoto bayan kwana goma sha biyu. Na duba ma'aunin iskar kamar yadda Injiniya ya ce, a lamba 4 ya nuna 98, da na buɗe gidan fankar sai na tarar da ƙura kamar auduga, bayan shara ya koma 121. Yau na yi minti ashirin a jere ban sauka ba, ja 21 a minti, lambar tsakiya 2:48, jimilla mita 3,571, kuma ita ce shigarwa ta shida a kundina. Ƙugu bai riƙe ba, cinyoyi ne suke magana. Har yanzu nakan manta in lanƙwasa gwiwa kafin hannu ya wuce idan na gaji, don haka na jingina madubi a bango ina kallon kaina. Alhaji Ɗanlami, muna jiran sakamakon gwajin mita 2,000 ɗinka.

Alhaji Ɗanlami: Na yi na lamba 10 ranar Talata, na rubuta lokacin a takarda. Na lamba 4 sai Juma'a bayan la'asar, in Allah ya kai mu, kuma zan kawo duka biyun nan ko da ni ne abin ya kayar.